Ƙafar Bayan Motar Ɗantani

Sunansa na yanka Attahiru, amma ko a takardar lasin ɗinsa Ɗantani aka rubuta, saboda ranar Litinin aka haife shi a Dingyaɗi, sunan kuma ya bi shi har tsufa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana tafiya a ɗan karkace kamar wanda har yanzu yake jingine da ƙofar mota. Tun yana saurayi ya bi wata babbar mota mai jigilar gyaɗa da fata, ya yi shekara shida yana ɗaure kaya yana wanke taya kafin maigidansa ya yarda ya riƙe sitiyari. Daga baya ya sami aikin direba a wani ofishin gona, ya tare a Boɗinga da matarsa Balaraba. 'Ya'yansu mata biyu sun yi aure, namijin kuwa, Hassan, yana aikin masaƙa a Kaduna, sai da salla ake ganinsa.

Da farar hula suka karɓi mulki, ofis ya haɗa shi da Alhaji Yahaya na Dandin Mahe, ɗan kwangila kuma ɗan siyasa, wanda aka ɗora kan wani kwamitin rabon taki. Shekara huɗu Ɗantani yana tuƙa shi. Lokacin ba a gyara, canzawa ake yi. In mota ta yi ɗan ƙara, sai a cire abin gaba ɗaya a jefar a bayan gareji a sa sabo. Alhaji mutum ne mai sakin fuska da sakin alkawari, kowace shekara sai ya dafa kafaɗar Ɗantani ya ce baɗi da shi za a tafi Makka. Baɗin ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne tsuke bakin aljihu, sannan soja. Aka tafi da Alhaji don amsa tambayoyi, ofis kuma ya rage ma'aikata. Wata safiya Ɗantani ya je ya tarar da sunansa na goma sha ɗaya a takardar da aka manna a bango. Ya karanta sau biyu, ya miƙa makulli, ya tako gida a ƙasa.

Abin da ya rufa masa asiri wata tsohuwar Fijo ce akori-kura da ya saya a gwanjo tun ana cikin daula, bisa nacin Balaraba. Da ita yake kwaso albasa daga fadamar Danchadi ya kai Shagari ranar kasuwa, wani lokaci Sakkwato. In an sami mara lafiya a unguwa, ƙofarsa ake bugawa. Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, mutane suna bin layin sabulu da madara tun asuba, kayan mota kuwa sun ɓace daga shaguna kamar ba a taɓa sayar da su ba. Shi da motar suna lallaɓa juna.

Cikin bazarar shekara ta biyu da barin aikinsa, yana dawowa daga Shagari bayan la'asar da manoma biyu a baya, sai wata tsohuwar Bafulatana ɗauke da ƙwaryar nono ta fito daga bayan wata bishiya za ta ƙetare titi. Ya gan ta da nisa. Ya taka birki yadda ya saba, sai ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka taɓo. Ya ɗaga ya sake takawa, ya sake, a na uku birkin ya kama, amma motar ta fizge zuwa hagu, bayanta ya juya, ta tsaya a gicciye. Gefen akorin ya shafi zanen tsohuwar. Ƙwaryar ta faɗi ta rabe biyu, nono ya malale a kan kwalta.

Ya fito da sauri. Tsohuwar tana tsaye inda take, ba ta yi ihu ba.

"Ɗana, ba ka gan ni ba?"

"Na gan ki, Inna. Wallahi na gan ki. Motar ta ƙi tsayi."

Ta dube shi, ta dubi motar. "To ai kai na direba, ba ita ba."

Ya durƙusa ya tsince mata ɓarayin ƙwaryar da ludayinta, ya roƙe ta ta shigo ya kai ta ruga. Ta ƙi. Ta karɓi kayanta ta bi ta cikin gonaki. Shekara ashirin da bakwai yana tuƙi, ko akuya bai taɓa bugewa ba, abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya tunda ba shi da wani. Ya ƙarasa Boɗinga da giya ta biyu, hannunsa a kan birkin hannu. Ya ɗage zana ya shigar da motar bayan gida, ƙarƙashin dogon yaro, ya ce wa Balaraba ba za ta sake hawa titi ba sai ya san abin da ke damunta.

Da safe ya buɗe gaban motar ya duba kwalbar man birki. Ta kusa ƙafewa, alhali bai fi mako da cika ta ba. Akwai inda man yake zuba ke nan. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta, ya bi siririn bututun da yatsa tun daga gaba har baya, bai ji danshi ba. Ƙafafun gaba a bushe. Ta baya ta hagu a bushe. Da ya kai ta dama sai ya ga cikin tayar ya yi baƙi, ƙura ta manne da wani jiƙo. Ya shafo ya murza a yatsa ya sansana. Ba man giya ba ne, wancan yana da kauri da ɗoyi. Man birki ne. Nan ya gane abin da ya sa ta fizge jiya: hagu ta kama, dama ta zame.

Ya je bakin tasha wurin Na'Allah bakanike, ya same shi zaune kan tsohuwar taya yana fifita da kwali, babu mota ko ɗaya a gabansa.

"Robar silinda ta, ba ko shakka," in ji Na'Allah. "Amma wata huɗu rabona da in ga sabuwa."

"Sakkwato hwa?"

"Tahi ka gani. Wadda suka saidawa yanzu, in ka sa yau, jibi kana nan. Lainin birkin kuwa, in ya sha mai, wanke shi da hetur ka ƙyasta mishi ashana. Haka kowa ka yi. Wasu ma ruwan omo suka zubawa madadin man birki."

"Ni ban yi."

"To Allah shi ba ka sa'a. Ga babbar guduma nan in kana so."

Ya ari gudumar ya dawo. Ya sassauta notocin tayar tun tana ƙasa, ya tokare ƙafafun gaba da duwatsu, ya sa giya, ya saki birkin hannu, sannan ya ɗaga bayan da jak. Jak ɗin tsoho ne, yakan sauka da kansa, shi kuwa ya taɓa ganin abin da mota ta yi wa ƙirjin wani a Gusau. Ya leƙa cikin gida.

"Balaraba, ara mini turmi."

"Turmin da nika daka gyaɗa? Malam, da mi za ni yin ƙuli?"

"Tsohon nan na bayan rumbu."

Ta mirgino masa shi tana mita. Ya kife shi a ƙarƙashin ƙarfen motar, ya sauke nauyin a kai. Ya cire taya, sai ga durom, kaskon ƙarfen nan da birki ke kamawa daga ciki. Ya ja, ko motsi. Ya lalubi notoci biyun da ke bayan farantin ƙarfen da durom ɗin ke rufewa, waɗanda ake matse birki da su, ya mayar da su baya don lainin ya saki. Ya sake ja, shiru. Tsatsa ta haɗe shi da tsakiya. Ya ɗiɗɗiga kananzir a kewaye, ya ɗora guntun taɓarya a gefen don kada ƙarfen ya fashe, ya dinga bugu yana juyawa, bugu yana juyawa. Inuwar dogon yaron ta gudu ta bar shi a rana. Zufa tana shiga idonsa. Aka kira azahar, ya je ya dawo ya ci gaba. Sai can ya sa ƙafa ya dogara ya fizga da hannu biyu, durom ɗin ya saki gaba ɗaya, ya faɗi da baya a kan dutse. Ya daɗe a kwance yana kallon ganye, wani abu yana tsinke masa a ƙugu.

Cikin ya fi yadda ya zata lalacewa. Ƙura da mai sun haɗu sun zama baƙin kunu. Ya ɗaga murfin ƙaramin silindan da ke sama, mai ya ɗigo, robar ciki ta tsage. Lainin biyun, wato fatun da ke matse durom, sun sha mai, kuma sun cinye har kan ƙusoshin da ke riƙe da su sun fara zana ƙarfe. Babu abin da za a wanke a ƙona, babu abin da ya rage. Kafin ya kwance komai ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa yadda sifirin-sifirin, wato wayoyin nan masu naɗi da ke jan lainin, suke, dogo a sama, gajere a ƙasa, da inda wayar birkin hannu ta maƙale. Ya kwance ya jera su a murfin kwano. Da ya dawo daga la'asar, kajin Balaraba sun tone zanen tas.

Bai ko kore su ba. Ya zauna a kan tayar ya dafe kai.

Balaraba ce ta kawo masa fura, ta tsaya tana duban kayan da ke cikin murfin kwanonta. "Malam, wanga abu ba irinai na ba cikin motar Alhaji? Wadda kuka yawon kamfen da ita da lasifika?"

Ya sani. Tun safe yake kauce wa tunanin. Akori-kura ce irin tasa sak, injinta ya buga ana saura kwanaki zaɓe, aka ja ta aka jingine a gidan Alhaji, kuma shi da hannunsa ya kai ta aka sa mata sababbin birki wata guda kafin nan. Ya ji labarin an sako Alhaji tun da daɗewa, bai je ba. Ba gaba yake yi ba. Bai san dai da wace fuska zai shiga ba, kuma bai san wace fuska zai tarar ba.

"In tahi roƙo?"

"Ka tahi gaisuwa," in ji ta. "Roƙon shi biyo baya."

Washegari ya hau motar itace zuwa Shagari, ya ari keke wurin wani mai awon hatsi da ya sani, ya ɗaure jak da sifanu a baya, ya nufi Dandin Mahe. Kowane rami sai ya ji shi a ƙugu. Ƙofar gidan da a da sai an yi da gaske ake samun wurin aje takalmi, ya tarar da ita fayau, akuya biyu kwance a kan dakali. Ya yi sallama sau uku kafin wata murya ta amsa daga zaure.

Alhaji Yahaya yana zaune a tabarma, babbar riga ta yi masa yawa, ƙafarsa ta dama a miƙe an naɗe ta da tsumma. Ɗantani ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe. Allah shi ƙara lahiya, Allah shi sa kaffara ta."

Alhaji ya ƙanƙance ido. "Wa nika ji kamar Ɗantani?"

"Ni na, ranka shi daɗe."

"Ikon Allah. Matso in gan ka." Ya riƙe hannunsa bai saki ba. "Cikin waɗanda munka yi yawo da su, kai na uku da yaz zo."

Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da iyali da zafi da ƙarancin ruwa. Alhaji ya ce ciwon suga ne, ƙaya ce ta soke shi tun yana tsare, wurin ya ƙi warkewa. Ɗantani ya yi ta juya maganar da ta kawo shi, har Alhaji ya hango jak ɗin a bayan keke ta ƙofar zaure, ya yi wata 'yar dariya.

"Hwaɗi abin da ka tahe da shi. Ban jin haushi. Da can ma kowa da abin da ka kawo shi."

Ya faɗa masa, har da tsohuwar da nononta. Alhaji ya nuna bayan gida da haɓa. "Tana nan, kaji ka ƙwai cikinta. Kwashe abin da kaka so." Ya dubi ƙafarsa. "Likita ya ce in riƙa zuwa Sakkwato ana wanke ta. Motocin duk an tahi da su. In taka ta tashi..."

"Ranar da tat tashi, nan za ta hwara zuwa, in Allah ya yarda."

Motar tana kan duwatsu, tayoyinta tuni wani ya yi gaba da su, fentin jam'iyya ya koɗe. Rashin tayar ma sauƙi ya zame masa. Durom ɗinta ba su yi gardama sosai ba. Ciki kuwa kamar jiya aka rufe: lainin da kaurinsu, silinda a bushe, roba da laushinta. Wannan karon ya tsaya ya kalli jerin sifirin har ya zauna masa a ka. Ya kwance na dama da na hagu duka, don ba a sa wa ƙafa ɗaya sabo a bar ɗaya da tsoho, motar za ta ci gaba da fizga. Ya ƙulle su a tsumma, ya yi sallama, ya isa Boɗinga ana kiran magariba.

Haɗawa ta ci masa yini guda. Ya buɗe durom ɗin hagu na motarsa ya bar kayan ciki yadda suke, yana zagayawa yana leƙawa in ya rikice. Ya wanke farantin dama da fetur, ya goge cikin durom da samfefa har zanen ƙusoshin ya kwanta, ya ɗaura silinda, ya jera lainin. Dogon sifirin ne ya ba shi wuya. Ya kama shi da filaya ya ja, ya kuɓuce. Ya sake, ya kuɓuce, bayan hannunsa ya daki ƙarfe, fata ta sale. Ya tsotse jinin ya tofar, ya sa sukudireba ya yi masa gada, a karo na biyar ya ji ƙas, ya shiga. Da ya gama dama ya koma hagu. Sannan ya mayar da durom da tayoyi, ya matse notocin baya har taya ta ƙi juyawa, ya sassauta kaɗan-kaɗan har ta juya da ɗan shafa.

Saura fitar da iskar da ta shiga bututu, wannan kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne.

"Balaraba, zo ki shiga mota."

"Ni? Wurin direba?"

Shekara talatin da aurensu ba ta taɓa zama a wurin ba. Ƙafarta ba ta kai ba, sai da ya cusa mata matashi a baya. Ya nuna mata na tsakiya, ya ce kada ta taɓa sauran. Ya juye rabin gwangwanin man birkin da yake ɓoyo a kwalbar, ya kwanta a ƙasa, ya sa tiyo a ɗan bakin da ke bayan silinda, ɗayan kan a cikin kwalbar lemo.

"Taka. Saki. Taka. Saki. Taka ki riƙe!"

"Na riƙe."

Ya buɗe da sifana, mai ya fito da kumfa yana tsartuwa.

"Malam, ya nutse! Na ɓata shi?"

"Haka aka so. Kar ki ɗaga." Ya rufe. "To saki."

Suka yi ta yi, dama sannan hagu, yana tashi yana ƙara mai, yana komawa ƙasa da ƙyar. Ta ce cinyarta ta mutu. Ya ce saura kaɗan. Ta ce tun ɗazu yake cewa saura kaɗan. Can man ya fara fitowa garau babu kumfa, ta ce abin ya yi tauri, ya ƙi tafiya ƙasa ko ta danna da ƙarfi. Ya ce ta sauko. Ta sauko tana ɗingishi, ta tafi ɗora tuwo.

Ya sauke motar daga turmi, ya fita da ita wani fili a bayan gari, ya ɗan ba ta wuta ya taka. Ta tsaya cak, hancinta a miƙe. Ya fito ya duba ƙasa: layin taya biyu, tsawonsu ɗaya. Ya sake gwadawa sau uku. Bai ji murna ba, ya ji dai kamar an sauke masa buhu daga ka an bar masa ciwon wuyan.

Da sassafe yana ƙofar gidan Alhaji. Shi da wani maƙwabci suka tallafo Alhajin zuwa gidan gaban motar, aka ɗora ƙafar a kan ƙunshin tsumma. Sun wuce Boɗinga Alhaji ya yi gyaran murya.

"Ɗantani, zancen kujerag ga ta Makka."

"Bar shi, ranka shi daɗe. Wanda Allah yak kira shi ka zuwa."

"Ina iyawa lokacin. Ban dai yi ba."

Ɗantani ya canza giya. Suka yini a asibiti a kan benci, aka wanke ƙafar, aka ce su dawo bayan mako biyu. A hanyar dawowa Alhaji ya yi barci baki buɗe, kansa yana bugun gilashi, Ɗantani ya rage gudu saboda shi.

Haka ya dinga kai shi duk bayan mako biyu, yana fasa lodin albasa in ranar ta haɗu da kasuwa, har ruwa ya sauka. Ƙafar ba ta warke ba. Alhaji ya rasu cikin watan takwas, kuma a bayan akori-kurar aka kai shi maƙabarta, don an yi ruwa hanya ta yi caɓi.

Ɗantani ya ƙara shekara uku a kan titi. Ƙugun ne ya sauke shi, ya kai in ya zauna awa guda sai an kama shi ya miƙe. Ya sayar da motar ga wani mutumin Yabo, ya sayi tumaki huɗu yana kiwo a bayan gida, yana kuma kiran salla a masallacin unguwa in ladan ya yi tafiya. Ya rasu cikin azumi, ranar sha bakwai ga wata, bayan jinyar kwana shida. Hassan ya iso daga Kaduna an riga an dawo daga jana'iza. Da Balaraba ta gama takaba, babbar 'yarsu ta zo ta tafi da ita Danchadi.